Kada mai ya ga iska

A watan Mayu na shekarar 2024 ne jirgin ruwa na farko ya yi lodin ɗanyen man Nijar a tashar Seme, bakin tekun ƙasar Benin. Man nan daga rijiyoyin Agadem ya taso, can cikin jihar Difa. Ya ratsa jihohin Damagaram, Maraɗi, Tawa da Doso, ya ƙetare kogin Isa wajen Gaya, ya yi tafiyar kusan kilomita 2000 kafin ya shiga cikin jirgi. Duk tsawon tafiyar nan ba wanda ya zuba shi a bokiti, ba wanda ya taɓa shi da hannu. Daga bututu sai tanki, daga tanki sai wani bututun. An gina hanyar don ta ɗauki ganga 90.000 kowace rana, ganga ɗaya kuwa lita 159 ce. Wanda ya yi lissafi zai sami lita sama da miliyan 14, watau lodin motar siterni kamar 400, in kowace tana ɗaukar lita 35.000. Mai karatu da ya san hanyar Konni zuwa Doso sai ya ƙara mata siterni 400 kullum a cikin zuciyarsa, ya ga abin da bututun ya ɗauke mana.

To, a cikin ƙasar nan da ta iya wannan babban aiki, har yanzu za ka ga yaro ya tura tiyo cikin tano, ya kafa baki ya zuƙo isansi, ya tofar, ya juya bakin tiyon cikin bido. Za ka ga karen mota a saman siterni, marfi a buɗe, mai yana zuba yana kumfa, shi kuwa yana leƙawa ya ga ko ta cika. Za ka ga manomi yana tsiyaya maganin ƙwari daga galan zuwa famfon feshi da hannu tsirara. Ra'ayina a nan ɗaya ne: hatsarin mai da na guba ba a cikin ma'ajinsu ya fi yawa ba, a wurin juye su yake, wurin da suke barin wani mazubi su shiga wani, su gamu da iska da jikin mutum. Mun rufe kilomita 2000 saboda man da muke sayarwa waje, ya kamata mu rufe takun nan biyu da ke tsakanin mazubi da mazubi saboda mutanenmu na gida.

Masana suna kiran wannan dabara da sunaye iri-iri a harsunan Turai. Mu a Hausa, in muka ce juyi a rufe, kowa zai gane. Ma'anarsa ita ce a haɗa mazubi biyu da tiyo ko bututu mai baki na musamman, ta yadda ruwan zai wuce ba tare da ya ga sarari ba, iskar da ya tarar a mazubi na biyu kuma a ba ta tata hanya ta koma inda ruwan ya fito.

Don a gane amfanin haka sai an san halin isansi, wanda ƴan'uwanmu na Nijeriya ke ce wa fetur. Ba ruwan ne ke kama wuta ba, tururinsa ne. Isansi yana fitar da tururin da zai iya kamawa ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, balle a watan Afrilu namu, lokacin da ma'aunin zafi ke wuce digiri 40 a inuwa. Gazuwal ya fi shi haƙuri, sai ya ɗumama ya haura digiri 50 kafin ya yi haka. Tururin isansi ya fi iska nauyi wajen ninki uku zuwa huɗu, saboda haka ba ya tashi sama kamar hayaƙin murhu. Bin ƙasa yake yi kamar ruwa, ya gangara cikin kwata, ya taru a rami, ya je ya sami garwashin mai shayi ko tartsatsin babur a nesa, wutar kuma ta biyo sawunsa ta dawo inda ya fito. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba. Tururin ba ya kamawa sai ya gauraya da iska daidai gwargwado, tsakanin kashi 1 da rabi zuwa kashi 7 da rabi cikin 100. A cikin rufaffen tankin isansi tururi ya yi yawa, iska ta yi kaɗan, wuta ba ta samun abin ci. A bakin buɗaɗɗen marfi kuwa, nan ne ake samun gaurayen da wuta take so, nan ne kuma karen mota yake sa fuskarsa.

Wani zai ce: ai in ba a kunna ashana ba, ba a sha taba ba, shi ke nan. Ba shi ke nan ba. Kowa ya taɓa tuɓe rigar leda da dare a cikin hunturu ya ji ƙaf-ƙaf, ya ga ɗan walƙiya. Wutar gogayya ke nan. Mai yana tara irinta sa'ad da yake gudu cikin tiyo, ya fi tara ta kuma in aka sako shi daga sama yana faɗuwa yana fantsama. Busasshiyar iskarmu tana taimaka mata. Tartsatsi guda tsakanin bakin tiyo da bakin tanki ya isa.

Ga yadda ake yi a defo da aka shirya don juyi a rufe. Mota ta tsaya, a kashe inji. Kafin kome sai a maƙala mata waya da za ta kwashe wutar gogayya ta kai cikin ƙasa. In ba a maƙala ba, famfo ba zai tashi ba. Ba mai hawa saman mota, domin ta ƙasa ake lodi: mai yana shiga ta gindin tanki, yana hawa a hankali ba fantsama. Bakin tiyo da bakin tanki kowanne yana da marfinsa na ciki, wanda ba ya buɗewa sai sun kama juna sun kulle, kuma yana rufewa kafin su rabu, ta yadda abin da zai ɗiga bai wuce ɗigo kaɗan ba. Tiyo na biyu yana karɓar tururin da mai ke korowa daga cikin tanki, ya kai shi wani inji mai gawayi na musamman da ke kama shi a mai da shi ruwa. A saman kowane ɗaki na tankin akwai ɗan ma'auni da ke tsai da famfo da kansa in mai ya kai iyaka. Idan motar ta isa gidan mai, haka za a sake yi: tiyo ɗaya yana saukar da mai cikin tankin ƙasa, ɗaya yana maido da tururi cikin mota, ta koma da shi defo. Wannan ba sabon abu ba ne. Ƙasashen Tarayyar Turai sun kafa dokarsa tun 1994 a kan defo da motoci da saukar da mai, suka ƙara wata a 2009 a kan tururin da ke fita wajen zuba wa ƙananan motoci.

Bari mu zo kan kuɗi, tun da shi ne ke sa mai dukiya ya kasa kunne. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta auna abin da ke tsirarewa wajen cika tankin ƙasa na gidan mai. In aka sako isansi daga sama, kowace lita tana asarar wajen giram 1,4 a matsayin tururi. In aka zuba ta ƙasa tare da tiyon maido da tururi, asarar ba ta wuce giram 0,04 ba. A lodin lita 35.000, na farko ya kai kilo 48, watau kamar lita 65 da aka saya aka biya sufuri aka sakar wa iska. Na biyu bai wuce lita 2 ba. Awon nan kuma an yi shi ne a yanayin da bai kai namu zafi ba. Sannan a tuna mai ba sau ɗaya ake juye shi ba. Daga matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011 da ƙarfin tace ganga 20.000 a rana, sai mota. Daga mota sai defon SONIDEP. Daga defo sai wata motar. Daga ita sai gidan mai. Daga nan sai babur ko bido. Kowane juyi yana karɓar zakkarsa. Amma a faɗi gaskiya: tiyon maido da tururi ba ya ƙara kome in defo ba shi da injin da zai karɓi tururin. Sai dai a ɗauke shi daga unguwa a je a sake shi a bayan gari.

Akwai wata asarar da ba ta iska ba ce, kowa kuma ya san ta. Inda ake auna mai da sanda ta buɗaɗɗen marfi, a nan ne lita ke ɓata tsakanin lodi da sauki, a ce zafi ne ya shanye. Rufaffiyar hanya mai ma'auni a bakin shiga da bakin fita, da hatimi a kan kowane makulli, tana rage wannan gardama ƙwarai. Ina jin ma shi ya sa ba kowa ne ke marmarinta ba.

Lafiyar ma'aikaci ta fi wuyar lissafi, domin cutar ba ta zuwa da ƙara. A cikin isansi akwai wani sinadari da ake kira benzen, wanda likitoci suka tabbatar yana haddasa ciwon daji na jini ga wanda ya daɗe yana shaƙarsa. Mai lodi a saman mota da yaron gidan mai su ne suka fi kowa shaƙa, shekara da shekaru, kuma ranar da ciwo ya bayyana ba mai tuna marfin siterni. Mai zuƙo isansi da baki kuwa ba sai ya jira shekaru ba: ɗan kaɗan ya sarƙe shi ya shiga huhu, sai kumburin huhu mai tsanani. Abin da ya zube ƙasa kuma bai ɓace ba. Yana nutsewa cikin rairayi, kuma a wurare irin su dallol da gulbi da korama, inda ruwa yake kusa, rijiyar unguwa ce ke karɓarsa.

Ba mai kaɗai ba. Masana'antar madara tana dafa nono a digiri 72 na daƙiƙa 15 a cikin rufaffun bututu, ta sanyaya shi, ta ɗura a leda ba tare da ƙuda ko ƙura ko hannu sun taɓa shi ba. A nan ruwan ake karewa daga mutum, ba mutum daga ruwan ba. Manyan masana'antun man gyaɗa suna tatso ragowar mai daga tunkuza da wani ruwa mai saurin kama wuta, su kama tururinsa su sake aiki da shi sau da yawa. A ma'adinan uraniyom kuma da ruwan asid ake narkar da dutse, abin da ɗigonsa ke cin fata.

Amma inda na fi jin tsoro shi ne maganin ƙwari, domin can ba defo ba injiniya, sai manomi da ɗansa. Duk wanda ya san aikin feshi ya san lokacin da ya fi hatsari shi ne lokacin auna magani da haɗa shi, tun da a sa'an nan gubar tana da cikakken ƙarfinta, ba a sirka ta da ruwa ba. Yawancin magungunan nan ta fata suke shiga jiki, ba sai an sha ba. An ce a sa safar hannu da riga da takunkumi. Gaskiya ne, amma wa zai daure da rigar roba da tsakar rana a gonar albasa ta Galmi ko ta tattasai a bakin Komadugu? Sai a cire. Juyi a rufe yana rage dogara ga riga: ana kifa galan a kan wani mahaɗi da ke bakin tankin feshi, mahaɗin ya buɗe shi daga ciki, a saki gwargwadon da ake so, sannan ya wanke galan ɗin da ruwa, ruwan wankin ya shiga tanki maimakon ya zube a gindin rijiya. Jihar Kaliforniya ta Amurka ta tilasta irin wannan ga magungunan da suka fi guba tun cikin shekarun 1970, kuma a 2021 an fitar da ƙa'idar duniya a kan yadda na'urar za ta kasance. Na san an yi ta ne don manyan injunan feshi, ba don famfon goyo na ƙaramin manomi ba. Sai dai lokacin yaƙi da fara, kamar na 2004, da tano mai lita 200 ake kawo magani, kuma daga tano ake rarraba shi. A nan famfon hannu mai rufaffen baki, da ake ɗaurawa a kan tano, yana iya shiga kowane sito na ma'aikatar kare tsirrai. Hukuma ce ke sayen maganin da yawa. Tana da ikon ta rubuta cikin sharuɗɗan ciniki cewa ba za ta karɓi tano ba sai da famfonsa.

Masu ja da wannan magana suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba.

Suna cewa rufaffiyar hanya ma tana kisa. Haka ne. A ranar 24 ga Maris 1992, a masana'antar man gyaɗa ta SONACOS a Dakar, wata siterni ɗauke da amoniya ta fashe, mutum 129 suka rasu, sama da 1000 suka jikkata. An cika ta fiye da kima, kuma ta tsage ne a wurin da aka taɓa yi mata walda. A ranar 11 ga Disamba 2005, a defon Buncefield na Ingila, ma'aunin wani tanki ya maƙale, na'urar da ya kamata ta tsai da famfo ita ma ba ta yi aiki ba, isansi kamar tan 300 ya ambaliya, tururinsa ya fashe, wuta ta yi kwanaki tana ci. An yi sa'a asubahin Lahadi ne, ba wanda ya mutu, amma sama da mutum 40 sun ji rauni. A Jesse ta kudancin Nijeriya, a 1998, fasasshen bututu ya ci rayuka kamar 1000. Namu bututun ma an fasa shi a yankin Tesker a watan Yuni na 2024, mai ya malala cikin rairayi. Duk waɗannan na karɓa. Amma a duba da kyau: a kowanne, bala'in ya zo ne lokacin da abin da ke rufe ya buɗe, ko don sakaci ko don ɓarna. Abin da suke koya mana shi ne rufewa aiki ne na kullum. Zoben roba yana tsufa, zafinmu da ƙurarmu suna gaggauta tsufansa. Ma'aunin da ba a gwada shi ya fi rashin ma'auni hatsari, domin mutum ya saki jiki da shi. Mu kuwa halinmu sananne ne: mukan sami kuɗin sayen inji da na bikin buɗe shi, mu rasa na zoben roba. Duk ma'aikatar da za ta sa irin waɗannan kaya, a tilasta mata ajiye kayan canji da littafin gwaji da mai bincike zai iya buɗewa ranar da ya ga dama.

Suna cewa da tsada. Da tsada, musamman ga mai mota ɗaya ko biyu da zai sake wa tankinsa bakuna. Ba na cewa a yi shi dare ɗaya. A fara daga inda hukuma take da hannu, watau matata da defo-defo. A hana shigo da siterni wadda ba ta lodi ta ƙasa. Kada a ba sabon gidan mai izini sai da bututun maido da tururi, tun da sa shi lokacin gini ya fi sauƙi nesa da fasa daɓe daga baya. Tsofaffin motoci a ba su wa'adi, a sauƙaƙa kuɗin duwan a kan kayan gyaransu.

Hujja ta uku ita ce mafi nauyi: ƴan ruwa-ruwa. Dubban magidanta a Maraɗi da Damagaram da Konni da ƙauyukan iyaka da kwalbar isansi suke ciyar da iyali, kuma a garuruwa da yawa su ne kaɗai gidan mai. Ba injin kama tururi da zai je teburinsu, kuma kora da kamu ba su taɓa kawar da sana'ar ba. Amma tsakanin defon zamani da tiyo a baki akwai matakai. Famfon hannu na juyawa da ake ɗaurawa a bakin tano yana raba baki da isansi. Mazubin ƙarfe mai marfi ya fi bidon roba, wanda ke tara wutar gogayya ya kuma narke cikin gobara. Ajiye tano a rumfa ta daban, nesa da ɗakin kwana da murhu, ba ya bukatar kome sai umurnin mai unguwa da sa idon maƙwabta.

Saura motar da ta faɗi. A daren 5 zuwa 6 ga Mayu 2019, kusa da filin jirgin sama na Yamai, wata siterni ta kife, mai ya tsiyaya, jama'a suka taru da bido da bokiti, wuta ta tashi. Mutum 55 aka ƙirga tun farko, wasu suka cika a asibiti, ƙasa ta yi zaman makoki na kwana 3. A Majiya ta jihar Jigawa, a watan Oktoba na 2024, sama da 150 suka rasu ta wannan hanya. A mararrabar Dikko kusa da Suleja, a watan Janairu na 2025, sama da 80 suka mutu, kuma rahotanni sun nuna wutar ta tashi ne yayin da ake juye man motar da ta faɗi zuwa wata motar da injin ba da wuta a kusa. Akan ɗora laifin ga kwaɗayin talaka, a yi wa'azi, a watse. Ni tambayata ita ce: me ya sa man ya fito? Siternin da aka ƙera don juyi a rufe tana da marfin sama mai kulle kansa in mota ta kife, da makulli a cikin gindin tanki wanda ke zama a rufe ko da bututun waje ya karye. Ba ya hana tanki tsagewa in karo ya yi tsanani, amma sau da yawa ta sakakken marfi mai yake fita, ba ta tsaga ba. Wannan abu ne da mai duba lafiyar motoci zai iya gani da idonsa kafin ya sa hannu a takarda.

Kwashe man motar da ta faɗi kuma bai kamata ya zama aikin mai motar da yaransa ba. Aikin sojojin kashe gobara ne da ma'aikatan defo, da famfo mai aiki da matsattsiyar iska wanda ba ya tartsatsi, da waya a maƙale ga motocin biyu, da kumfa a shimfiɗe bisa man da ya zube, jandarmomi kuma sun mai da jama'a da babura can nesa, ta gefen da iska ke busowa. Irin waɗannan kaya a ajiye su a Yamai kaɗai ba zai wadatar ba. Motocin man SORAZ daga Damagaram suke tasowa, su bi Tasawa, Maraɗi, Madawa, Konni, Dogon Dutsi da Doso, tafiyar kusan kilomita 900, kuma a kowane babban zango na hanyar nan ya kamata a sami famfo ɗaya da mutanen da aka koya wa aiki da shi.